Gadon lilo na mage: ulu, auduga ko tsohuwar riga?

Mage tana kwashe awa 12 zuwa 16 tana barci kowace rana, kuma ba ta neman izinin kowa kan inda za ta yi shi. Yau kan sallaya, gobe cikin kwandon wankakkun kaya, jibi a kujerar maigida. Shi ya sa masu saƙa da kwarashi da ke kiwon mage suke yi mata ɗan gadon lilo nata na kanta, wato saƙaƙƙiyar shimfiɗa mai kusurwa huɗu da ake ɗaurewa ta ɗan tashi daga ƙasa, magen ta hau ta lafe. Duk wadda ta iya hular jariri za ta iya wannan. Inda ake asarar zare da lokaci shi ne wajen zaɓi: wane zare, wace irin saƙa, kuma a jikin me za a ɗaure.

Babbar mage tana kai kilo 3 zuwa 5, ƙosasshen muzuru yakan wuce haka. Ba kuma hawa take yi a hankali ba, tsalle take yi ta dira da duk nauyinta. Sannan ba ta son abin da ke reto da ita. In ta ɗora ƙafa ta ji abu yana lilo ko yana nutsewa, ta janye ke nan, wata ma ba za ta sake kallonsa ba. Da wannan ake auna kowane zare, ba da kyan launi ba.

Ulu kowa ke fara tunani, don shi ne a hannu. Kowace mai saƙa tana da ragowarsa a leda, in ma babu, shagunan kayan ɗinki da ke kewayen Taminus a nan Jos ba sa rasa shi. Galibin ulun kasuwa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur. Yana da ɗumi, ba shi da nauyi, yana saurin bushewa, ga araha. Don kayan sanyin jarirai kam ba a magana. Amma abin da ya sa ya dace da hula shi ne ya hana shi dacewa da gado: yana bayarwa. Ki saƙa shi tsaf, ki ɗaure shi tamau, kafin wata ya zagayo tsakiyarsa ta zurma, cikin magen yana gogar siminti. Ki ƙara ɗaure igiyoyin, ya ƙara saki. In kuwa ruwan zafi ko dutsen guga ya taɓa shi, ya saki ke nan har abada.

Ruwan zafin nan fa ba abin da za a iya kaucewa ba ne. Ƙuma ba a jikin mage kaɗai take rayuwa ba. Macen ƙuma ɗaya tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi a inda magen ke kwana, a can yake ƙyanƙyashewa. Abin da ke kashe shi shi ne wanki da ruwa mai zafin digiri 60, sannan a shanya a rana. Shimfiɗar da ba za ta jure wannan ba, gidan ƙuma kika saƙa.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da suka fi shafar mu mutanen Jos. Da hunturu, iska ta bushe, akirilik yakan tara wuta in gashi ya goge shi, ki kai hannu za ki shafa magen ki ji tas, ita ma ta zabura. Na biyu ya fi haɗari. Lokacin sanyi ne ake shigo da kaskon gawayi ko a kunna hita, mage kuma ba ta da wurin da take so kamar gefen wuta. Akirilik yana kamawa da sauri, yana narkewa ya manne wa fata.

Babban laifin ulu a wurina dai farce ne. Ki tsaya ki kalli mage kafin ta kwanta. Takan tsaya a kan shimfiɗar tana dandanna ta da ƙafafun gaba, dama, hagu, dama, hagu, farata a waje, ido a lumshe. Duk dannawa ɗaya farce yana shiga tsakanin silin zaren, duk ɗagawa yana fitowa da ɗan madauki. Ulu mai laushi ne, murɗinsa sako-sako, nan da nan madaukin ya yi tsawo. Daga nan ya zama abin wasa, ta kai baki. Harshen mage kuwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, su ne kaushin da kike ji in ta lashe ki. Zare in ya hau harshen nan ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Wani lokaci bakin zaren yakan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce hanji, hanjin ya tattare a jikinsa har zaren ya yanka shi. Aikin tiyata ke nan. In kin ga mage tana amai, ta ƙi abinci, ko kin ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada ki ja, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Yankin da ke da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tun 1924 bai rasa su ba. Saboda wannan dalilin, ko da wane zare kika yi aiki, ban da geza, ban da tuntu, ban da duwatsun ado, kuma duk bakin zare a cusa shi ciki sosai a ɗinke.

Zaren auduga akasin ulu ne kusan ta kowace fuska. Ba ya miƙewa sosai, jiƙa ba ta rage masa ƙarfi, yana jure ruwan zafi da sabulu, murɗinsa kuma matsattse ne, farce ba ya saurin raba shi. Siririn da ake saƙa mayafin tebur da shi ya yi ƙanƙanta, sai an haɗa sili uku ko huɗu, aikin kuma ya ɗauki lokaci. Wanda ya dace shi ne mai kaurin milimita 3 zuwa 4, irin wanda masu saƙa jaka da maratayin tukunyar fure ke amfani da shi. In kyan gani kike so, gadon da zai zauna a falo baƙo ya yaba, wannan ne. Sai dai ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma yana gajiyar da wuyan hannu don ba ya santsi a kan kwarashi. Yakan ɗan tsuke a wankin farko, don haka ki wanke shimfiɗar kafin ki yanke tsawon igiyoyin. Yana kuma riƙe ruwa. A Jos cikin Yuli da Agusta, lokacin da rana ke wuyar gani, saƙar auduga mai kauri takan kwana ta wuni a igiya ba ta bushe ba, in aka yi gaggawar shigo da ita sai warin danshi.

Na uku shi ne wanda ni nake zaɓa, kuma shi ne mafi araha: tsofaffin rigunan tishat da aka yanka suka zama zare. In babu a gida, 'yan gwanjon kasuwar Katako suna da waɗanda tabo ko huji ya hana su shiga, ki ce irin su kike nema. Ki duba takardar wuya ki zaɓi na auduga zalla, manya, marasa faffaɗan zanen roba a ƙirji. Ki guji masu ɗamewa a jiki, roba ce a cikinsu, za su saki fiye da ulu ma. Riguna biyar ko shida na manya sukan isa gado ɗaya. A wanke su tas kafin a fara, don warin nan na gwanjo mage ba ta shiri da shi.

Ga yadda ake yankan. Ki shimfiɗa rigar, ki yanke kalmasar ƙasa ki yar, ki yanke daga hammata zuwa hammata ki ajiye saman. Abin da ya rage zagayayyen ƙyalle ne mai baki biyu. Ki riƙa yanka shi a kwance, faɗin santimita 2 zuwa 3, daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, amma kada almakashi ya ƙarasa, ki bar kamar faɗin yatsa biyu a haɗe. In kin gama, ki zura hannu ki buɗe wurin da bai yanku ba, ki yanka shi a karkace, daga tsaga ta farko zuwa ta biyu, ta biyu zuwa ta uku, har ƙarshe. Sai ki ga rigar ta warware ta zama tsiri ɗaya dogo ba ƙulli. Ki kama shi gaɓa-gaɓa kina ja da ƙarfi. Gefunan za su nannaɗe ciki da kansu, ya zama igiya mai laushi. Jan nan kada ki yi masa ha'inci, shi ke cire yawancin miƙewar tun kafin nauyin mage ya cire ta.

Kaurinsa ya fi ƙarfin farce, babu silin da za a zaro balle a haɗiye. Yana shan ruwan zafi ba ya cewa komai. Da kwarashi mai lamba 9 ko 10 aikin yana ci da sauri, mai hannu za ta iya gamawa a yini. Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Yana da nauyi, shi ma yana jinkirin bushewa, inda ɗinkin gefen riga ya faɗo yakan yi ɗan ƙulu, kaurin wata rigar ba ya zama ɗaya da na wata, saƙar ba ta fita sumul. Wadda ke saƙa don sayarwa za ta fi samun kasuwa da igiyar auduga. Magen dai ba ruwanta.

Kada ki ce ƙyallayen atamfa na wurin tela za su maye gurbin tishat. Atamfa in an yanka ta gefenta zarewa yake yi, sili-sili, an koma matsalar harshe ke nan. Igiyar roba irin ta shanya tana da ƙarfi, amma tana da kaushi, ƙullinta yana zamewa, rana kuma tana cinye ta. Ulun tumaki na gaske ruwan zafi yana dunƙule shi. Wanda zan ja kunne a kansa sosai shi ne tsohon gidan sauro, don na san ana yanka shi a yi igiya. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci yana ɗauke da maganin ƙwari dangin fametirin, hantar mage kuma ba ta iya sarrafa wannan sinadarin yadda tamu ke yi. Dabbar da ke lasar jikinta dare da rana ba a kwantar da ita a kansa.

To ina batun sanyi, tunda auduga da tishat ba su da ɗumin ulu? Gadon lilo iska tana bi ta ƙarƙashinsa, tana kwashe zafin jikin wanda ke kai. A Abuja, inda zafin rana ke haura digiri 35 a watan Maris, wannan shi ne amfaninsa gaba ɗaya, tishat ko auduga tsurarsa ya wadatar duk shekara, ulu ma ba shi da wurin shiga. Jos kuwa tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, tudun Abuja bai kai rabin haka ba, kuma daren Disamba da Janairu yakan sauka digiri 11 ko ƙasa da haka. Zafin jikin mage digiri 38 ne zuwa 39, ta fi mu son ɗumi nesa ba kusa ba. Ki rataya mata shimfiɗa fallen ɗaya cikin wannan sanyin, za ki wayi gari ki same ta a bargon yara. Mafita ita ce a raba aikin gida biyu. Abin da zai ɗauki nauyi a yi shi da tishat. Abin da zai ba da ɗumi ya zama daban, a ɗora a kai, a cire in zafi ya shigo. Nan ne ragowar ulunki zai yi rana: ki haɗa sili biyu, ki saƙa ɗan bargo matsattse daidai faɗin gadon, tunda ba nauyi zai ɗauka ba sakinsa ba ya cutar da kowa. Ki riƙa duba shi, da kin ga madauki ya zaro ki mayar ko ki canza. In magenki mai tauna kaya ce, ninkakken tsohon tawul ya fi.

Irin saƙar ma zaɓi ne, kuma a nan ba na ganin akwai gardama. Gajeriyar saƙa, wadda ake soka kwarashi a jawo zare, a naɗa, a fitar ta madauki biyu lokaci ɗaya, ita ce ke ba da shimfiɗa mai tauri marar rami. Doguwar, wadda ake naɗa zare kafin a soka, ta fi sauri kuma ta fi tattalin zare, amma tana barin tsaga tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kuma ta fi saki. In kina koyo a YouTube ki lura da ƙasar mai koyarwar: gajeriyar nan Amurkawa singil suke ce mata, 'yan Ingila kuma dobul, alhali dobul a bakin Ba'amurke doguwar ce. Saƙa mai ido-ido irin ta shawul ɗin jarirai kuwa kyan ɗan maciji ne. Yatsar ƙafa tana shigewa, magen ta zo dirowa ta rataye. In manuniyarki tana shiga ramin ba tare da kin tura ba, ya yi faɗi. Ki ɗauki kwarashi da ya ɗan gaza wanda kika saba yi wa zaren amfani da shi. Saƙar kibiya ta fi ta kwarashi miƙewa, a bar ta ga rigar sanyi.

Tsakanin saƙa layi-layi da farawa daga tsakiya ana zagayawa, na fi son ta biyu. Mai layi-layi takan fi saki ta fuska ɗaya, sai gadon ya karkace. Mai zagaye, ƙarin da ake yi a kusurwoyi huɗu yana tafiya ne daga cibiya kai tsaye zuwa inda za a ɗaure, nauyin ya rabu daidai. Kowace kika bi, ki rufe bakin da zagaye biyu matsattsu, in da hali ki kwantar da igiya ki saƙa a kanta. Girman santimita 40 da 45 ya ishi yawancin maguna, kuma dole ya gaza filin da za a ɗaure shi da kamar santimita 5 ta kowane gefe. In ya cika filin tun farko, ba inda za ki ja shi in ya saki.

A faɗi gaskiya, tsohon wandon jins da tela ya ninka biyu ya bi da keke ya fi kowace saƙa ƙarfi, kuma ba ya saki. Wadda ba ta iya kwarashi ba kada ta ce sai ta koya saboda mage. Abin da saƙa ta fi shi da shi shi ne shan iska, da kaushin da ke ba ƙafa wurin kamawa, da yadda take lotsawa daidai jikin mai kwanciya.

Saura wurin ɗaurewa. Kada a rataye shi daga sama da igiya ɗaya kamar ragaya. Ita ragaya ai don ƙwaryar nono ta tsira daga mage aka yi ta. Kusurwa huɗu, ɗauri huɗu, kowanne a jikin abin da ba ya motsi.

Mafi sauƙi shi ne ƙarƙashin kujerar katako ko ƙaramin tebur mai nauyi, a ɗaure a ƙafafun nan huɗu. Ba a kashe ko sisi, ga rufi a sama, mage kuma tana son wurin da za ta ga kowa ba a gan ta ba. Kujera mai sandar giciye tsakanin ƙafafu ta fi, a ɗaure a saman sandar don kada igiya ta zame ƙasa. Sai dai ya zama kujerar da ba a yawan ja. Kujerar roba kam a'a, ba ta da nauyi, ƙafafunta santsi, dira ɗaya ta kife.

Firam na katako shi ya fi komai daɗewa, kuma ana iya ɗaukarsa a bi rana da shi. Kafinta zai dube ki ya ce, "Hajiya, wai duk wannan don mage?" Ki bar shi ya gama dariyarsa, ki ce tsayi santimita 30, faɗi 50 da 55, da sanduna a ƙasa don kada ya yi rawa, a goge da samfefa, kada kan ƙusa ya leƙo. Ki jaddada masa kada ya shafa maganin gara ko baƙin mai. Fayif ɗin roba na masu aikin famfo, mai inci ɗaya, da mahaɗansa, shi ma yana yi, ana wanke shi, ana kwance shi in za a tashi daga gida, abin da ya dace da mai haya. Rashin nauyinsa ne matsala, sai an ɗura yashi a na ƙasan an toshe.

Ƙarfen taga yana jan hankali don mage tana son kallon waje, amma kusurwa biyu kawai yake ba ki, sauran biyun sai an yi musu sanduna masu fitowa daga bango, huda bangon gidan haya kuma kin san yadda take ƙarewa da mai gida. Ya fi sauƙi ki ɗora firam a kan tebur kusa da tagar. A Jos ki nemi tagar da hantsi ke shigowa, ki janye gadon da dare saboda iskar da ke bi ta luba. A Abuja ki guji tagar yamma, in kuma a bene kike ki tabbata ragar tagar ba ta yage ba.

Kafin magen ta hau, ki gwada. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, ninki biyu na babbar mage. Ki ɗora ta ta kwana. Da safe in tsakiyar ta bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakaninta da ƙasa, ƙulli bai zame ba, firam bai karkata ba, ki ƙara ɗaure igiyoyin, an gama. Ki ajiye gadon a inda ta riga ta saba kwana, ki ɗora tsumman da ke da warin jikinta, ki yi kamar ba ki san da shi ba. Ɗaukarta a ɗora da ƙarfi shi ne hanyar da ta fi saurin sa ta tsane shi. Wajen wanki, sabulu da ruwan zafi da rana sun isa. Dettol da Izal suna ɗauke da sinadaran da ke cutar da mage, haka ma ƙwayar kafur da ake sa wa kaya a akwati.

Tsohuwar mage da tsalle ya fara yi wa wuya, a sauko mata da gadon zuwa santimita 15, a kuma ja shi sosai don ta samu wurin dogarawa in za ta tashi. Mai jego kuwa a kwance shi gaba ɗaya a ajiye. 'Ya'yan da idonsu bai buɗe ba suna gangarowa daga gefe, kuma a makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, iskar da ke bi ta ƙasa za ta yi musu illa. Kwali a lungu da tsumma a ciki shi ne nasu, har sai sun fara hawa kujera da kansu.